Sandar Bawa da Butar Maɗugu

Duk direban da ya kwana biyu a kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san rumfar Bawa. Tana nan a Magama, kafin ka kai shingen kwastan, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya da baƙin mai ya rine gindinta. Babu allo, babu lambar waya a jikin bango. In motarka ta fara wani kuka da ba ka gane ba, abin da za a ce maka kawai shi ne, "Kai ta wurin Bawa ya ji ta." Da kunne Bawa ya yi suna, da kunne ya ciyar da gidansa.

Haifaffen Daddara ne, ɗan manomin gero. Tun yana ƙarami in an aike shi niƙa sai ya manta da ƙwaryar a ƙasa, ya tsaya yana sauraren injin, har ya riƙa gaya wa mai niƙa cewa yau muryarta ba irin ta jiya ba ce. An dake shi a kan wannan surutu, an kuma dake shi, bai daina ba. Da ubansa ya ga yaron nan fartanya ba za ta ci moriyarsa ba, sai ya damƙa shi ga wani direba ya kai shi Maraɗi wurin wani tsohon bakanike. Can ya yi ƙuruciyarsa yana wanke noti a cikin kalanzir, can ya koyi sunayen kayan mota na bakin mutanen Nijar a kan na gida. Shi ya sa da ya dawo ya kafa rumfa a bakin iyaka bai taɓa rasa aiki ba. Ɗan Nijar ya ce masa kulas, ɗan Najeriya ya ce masa tof, shi dai ya san murfin kan injin suke nufi su duka.

Daga Maraɗin ya zo da sandarsa. Guntun icen aduwa ne, tsawon kamu guda, kaurinsa bai wuce babban yatsa ba, ya yi baƙi ya yi santsi saboda riƙo. Za a tayar da mota, Bawa ya kafa kan sandar a jikin injin, ya dunƙule hannu a ɗaya kan, ya ɗora kunnensa na dama a kai, ya lumshe ido. Ya matsa nan, ya matsa can. Sai ya ɗago ya ce abu kaza ne, a buɗe a tarar da shi kamar shi ya ajiye. Kunnen hagun bai taɓa yi masa amfani ba, tun wani ciwon kunne da ya yi yana yaro, amma wa ya damu? Na daman ya isa gari guda.

Da wannan kunne ya auri Tsahara, ya yi ginin ƙasa ya mayar da shi na bulo, ya aurar da 'yarsa Rahma, ya yaye yara masu koyon aiki da yawa. Cikinsu akwai Kabiru, wanda yanzu magidanci ne da tasa rumfar a tsallaken titi. Ko lokacin da aka rufe iyaka, motoci suka ɗauke, masu abinci suka kife tukwane, wasu kanikawan suka watse, Bawa bai bar gindin darbejiyarsa ba. Ya koma gyaran injinan ban-ruwa na masu lambu har Allah ya sa aka buɗe. Mutum ne mai taurin kai irin wanda ba ya hayaniya.

Abin da rufe iyaka bai yi masa ba, taya guda ta yi masa. Wata hantsi yana tsugune kusa da mai faci na maƙwabtansa, ana ba tayar babbar mota iska, ta fashe dab da kafaɗarsa ta dama. Ya tashi babu ko ƙwarzane, yana kakkaɓe riga, yana ganin mutane sun kewaye shi bakunansu na motsi. A asibiti a Katsina aka ce dodon kunnen ya fashe, aka ba shi magani, aka ce ya yi haƙuri. Ciwo ya warke, ji bai dawo ba. In ka matso ka ɗaga murya sosai zai tsinci maganarka, amma kukan injin, wannan siririn bambanci tsakanin lafiya da cuta, ya tafi. Ya ɗora sanda, ya danna kunne har ya yi ja, abin da yake ji bai wuce gunji daga ƙasan rijiya ba.

Direbobi kuwa, Allah ya shirye su, ba su da dogon tunani. Mutumin da ka raba shi da kwanan daji sau ba adadi, shi ne zai tsaya a bakin rumfarka ya kwarara maka gaisuwa har da dafa ƙirji, sannan ya juya sitiyari ya tsallaka wurin Kabiru. Bawa yana zaune yana kallo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da ya fi na kunnen.

Kabiru ɗan halak ne, bai ji daɗin haka ba. Ya zo ya durƙusa, ya kai baki kusa da kunnensa ya ce, "Maigida, ka dawo rumfata ka zauna. In zuba maka fulogi da fambel kana saidawa, ni in riƙa aikin. Ka huta hakanan."

Bawa ya san da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ma ta fi sukarsa. Ya ce zai yi shawara.

Shawarar kuwa duk unguwa ta ji ta, domin Tsahara, wadda tun aurensu ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yanzu dole sai ta yi ihu kafin mijinta ya ji an gama tuwo. Ya gaya mata abin da Kabiru ya ce. Ta ajiye muciya ta matso.

"Malam! Kunne aka taɓa, ko har da hannuwan?"

"Kunne ne."

"Idanun fa? Hancin fa?"

Washegari ya ɗauki sandarsa, wadda ba ta da sauran amfani, ya soka ta a aljihu kamar kullum ya fita. Ya ƙudurta a ransa cewa ba zai zauna gadin fulogi ba muddin yana iya ɗaga sifana. Ya share rumfa, ya jera kayan aiki, ya zauna yana kallon layin motocin da ke jiran tsallakawa. Haka ya yi ta yi, mako ya bi mako. Da can ido rufe yake aiki, yanzu ya buɗe shi. Ya fara lura da kalar hayaƙin kowace salansa, da yadda bonet ke rawa, da warin da mota ke bari in ta wuce. Babu mai kawo masa komai sai ɗan canjin baƙin mai, amma bai fasa fitowa ba.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai ga Maɗugu. Maɗugu mutumin Maraɗi ne, abokin Bawa tun suna samari, yana da wata tsohuwar akori-kura da yake jigilar kaya da ita tsakanin kasuwar Jibiya da garinsu. Agogon zafinta ya mutu tun ba a haifi autarsa ba, bai kuma taɓa ganin dalilin gyara shi ba. Motar ta yi kwanaki tana ba shi wuya. Da safe in an tayar da ita sai ta yi ta karkarwa, ta tuttuɗo farin hayaƙi, in ta ɗauki kaya kuma ba ƙarfi. A Magama kowa ya san fassarar wannan: man jarka ne aka haɗa da ruwa. Nan take aka ɗora laifin a kan Manu mai sayar da fetur a bakin hanya, ya yi ta rantsuwa ba mai saurarensa. Kabiru ya juye tanki, ya wanke kafireta, ya sa sababbin fulogi. Mota ta ɗan lafa, kwana biyu ta koma gidan jiya.

Ba gyara ya kawo Maɗugu wurin Bawa ba. Ya dai turo motar inuwar darbejiya ne don ta huce, shi ma ya huce, ya sami wanda zai yi wa ƙorafi ko da ba zai ji ba.

"Motag ga za ta kashe ni, Bawa!" ya faɗa da ƙarfi. "Esansin Manu ne, wanga man jarka nashi! Wanga yaro ba shi tsoron Allah!"

Bawa ya gyaɗa kai, ya miƙa masa tabarma. Suka zauna har aka kira azahar. Maɗugu ya ɗauki butarsa ya yi alwala a gefen taya. Yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya san shi ya sani: ba ya zubar da ragowar ruwan alwala. In dai injin ya huce, sai ya buɗe murfin lagireto ya juye ɗan abin da ya saura, ya ce ita ma ta sami albarka. Shekara da shekaru Bawa yana ganin wannan, yana kuma ganin yadda ruwan kan cika ya malalo tun butar ba ta ƙare ba.

Yau ragowar ta shige ba ta malalo ba. Maɗugu, bakinsa bai daina zagin Manu ba, ya taka zuwa randar rumfa ya ciko butar, ya dawo ya juye ta duka. Ya sake komawa. Hannunsa ke aikin, hankalinsa na wani wuri.

Bawa ya miƙe tsaye.

Bayan sun sallame ya kama hannun rigarsa ya ce, "Maɗugu, tun yaushe take shan buta biyu?"

"Mi?"

"Ruwa. Tun yaushe take shanye maka buta biyu?"

Maɗugu ya yi dariya. "Motata ba ta shan ruwa! Ragowar alwala ce nike ba ta, kai ma ka sani. Zahi ne na bazara, kowa shina shan ruwa."

Da gaskiyarsa yake faɗa. Da a ce da jarka yake ƙara ruwan, da tuni ya lura. Amma abin da mutum yake yi sau biyar a rana tare da salla ba ya lissafa shi a cikin gyaran mota. Tun farko Kabiru ya tambaye shi ko tana cin ruwa, ya ce a'a, aka wuce wurin.

Bawa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ƙasa a bushe, ko ɗigo babu. Ya shafa robobin ruwa, ya shafa gindin lagireto, ya shafa famfon ruwa, hannunsa ya fito da ƙura kawai. Ruwa yana shiga, ba ya zuba a ƙasa. To ina yake zuwa?

"Tayar da ita," ya ce. "Bar murfin a buɗe."

Maɗugu ya shiga ya murɗa makulli. Bawa bai ji tashinta ba, a tafin ƙafarsa ya san ta tashi. Ya sunkuya a kan bakin lagireto. Ruwan bai ko yi ɗumi ba, amma ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, ba fashi, kamar tukunyar da ta fara tunanin tafasa. Ya kai hanci. Warin hayaƙin salansa ne ke fitowa daga inda bai kamata a sami komai ba sai ruwa. Ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa. Ya jiƙe, ya sansana, babu warin ɗanyen fetur.

Kabiru ya hango maigidansa a kan mota, ya tsallako. Wasu direbobi ma suka matso, don a Magama ba a buɗe bonet ba 'yan kallo.

"Gasket ce, shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan injin," Bawa ya ce. "Ta ƙone. Wuta na shiga hanyar ruwa, ruwa na shiga ɗakin wuta. Motar dafa ruwan take tana fitar da shi ta baya."

Kabiru ya zaro ma'aunin baƙin mai ya nuna masa, cikin ladabi. Man baƙi ne wuluk, lafiya lau. Ya matso kunnensa. "Maigida, na duba wannan tun farko. In gasket ce ai da man ya koma kamar kunun gyaɗa. Kai ka koya muna."

"Ni na koya maka, ban ƙarasa maka ba. Wata takan ƙone ta gefen mai, wata ta gefen ruwa kaɗai. Ina tsofaffin fulogin da ka cire?"

Kabiru ba ya yar da komai, wannan ma a wurin Bawa ya gada. Ya kawo su a cikin gwangwani. Bawa ya jera su a tafin hannu. Uku sun yi baƙi da tsufa kamar yadda ya dace. Ɗaya fes take, kamar an wanke ta da sabulu.

"Wannan daga ina?"

"Ta fistin na uku."

"Tururi ya wanke ta. Nan za mu tarar da ita."

Nan fa aka yi cirko-cirko. Buɗe kan injin ba wasa ba ne. Mota za ta kwana a ƙasa, kayan mutane suna jira, kuma in aka buɗe aka tarar da gasket lafiya, an ɓata mai kyau a banza. Bawa ba ya jin abin da ake cewa, amma ya ga wani direba ya taɓa kunnensa yana yi wa na kusa da shi murmushi. Ya gane sarai. In ya yi kuskure yau, labarin kurman da ya farke injin Maɗugu zai riga shi isa Maraɗi, kuma daga ranar sai teburin fulogi. Tsoro ya kama shi, ba ƙarami ba. Ya dubi abokinsa ido cikin ido.

"Ban ji ta ba, Maɗugu. Ba zan yi maka ƙarya in ce na ji ba. Amma na gani, na sansana, na taɓa. Ka bar ni in buɗe."

Maɗugu ya dubi butar da ke hannunsa, ya dubi bakin lagireto. Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Buta biyu hwa," ya ce a hankali, shi da kansa. Sannan ya ɗaga murya. "Buɗe ta, Bawa! In ta mutu, a hannunka ta mutu!"

Da injin ya huce Bawa ya tuɓe riga. Ya zubar da ruwa, ya kwance duk abin da ke kan hanya, yana jera kowane noti a kan buhu bisa tsarin da ya fito. Kabiru bai koma rumfarsa ba, ya kama masa. Rana ta karkata kafin su kwance manyan kusoshi, suka sa hannu huɗu suka ɗaga kan injin suka ajiye a kan benci. Kawuna suka haɗu a kan ramin. Fistin na uku ya yi fari tas a cikin 'yan'uwansa baƙaƙe. Bawa ya ɓamɓaro gasket ɗin ya ɗaga ta sama. A gefen da'ira ta uku, tsakaninta da ramin ruwa, ga wata 'yar ƙuna da ba ta kai faɗin farce ba, hasken yamma yana ratsowa ta ciki.

Ya miƙa wa Maɗugu, ya ce in ya ga dama ya kai wa Manu ya gani. Maɗugu kuwa ya kai, ya ba da haƙuri a gaban mutane, don shi bakinsa ne babba, zuciyarsa ba ta da mugunta.

Zafin ya ɗan lanƙwasa kan injin, sai da aka kai shi Katsina aka goge fuskarsa ta daidaita. Da aka dawo da shi, Bawa ya kwantar da sabuwar gasket, ya ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, yana zagayawa yana dawowa, bai bar kowa ya taɓa sifanar ba. Aka cika ruwa. Da hantsi Maɗugu ya murɗa makulli.

Ruwan lagireto ya kwanta lum, babu kumfa. Salansa ta bushe. Bawa ya ga haƙoran mutane, ya ga Maɗugu yana dukan sitiyari, ya ga Kabiru ya karkata kai yana saurare yana gyaɗawa. Kowa a wurin yana jin injin da ya gyara, ban da shi. Ya yi murna, amma murnar haɗe take da baƙin ciki. Ya zaro sandarsa don sabo, ya juya ta a hannu. Sai ya hango wata roba ba ta zauna daidai ba, tana son hannu biyu. Ya rasa inda zai ajiye sandar, ya cije ta a haƙora, ya sunkuya.

Ɗaya kan sandar ya taɓa jikin injin.

Ƙarar ta shigo masa ta haƙora, ta bi muƙamuƙi, ta cika masa kai. Ba gunjin rijiya ba, injin sosai. Ga fistin huɗu suna bin juna, ga sarƙa tana gudu, ga famfon ruwa. Bawa ya ƙame a sunkuye. Ya ƙara cije sandar, ya lumshe ido, ya matsa da ita gaba kaɗan, ya dawo baya. Can ƙasa-ƙasa, ga wani ɗan ƙyas-ƙyas da bai kamata ba. Hawaye suka zubo masa a kan ƙarfen mai zafi, bai damu da wanda ya gani ba.

Ya ɗago, ya cire sandar daga baki. Shaidar haƙoransa ta fito a jikin icen.

"Kabiru, bawul guda ya yi sako-sako. Wajen na biyu."

Kabiru ya kai kunne, ya daɗe, sannan ya ɗago yana kallon maigidansa baki buɗe. Ya juya da sauri ya yi wa Maɗugu alama ya kashe mota a gyara.

Bawa ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Bar ta tukuna," ya ce. "Bawul ba zai gudu ba."

Ya mayar da sandar bakinsa, ya sake sunkuyawa.